Me Ya Haɗa Janareto da Waya?

Tunda makon nan layi ya zo kanmu, za mu kawo muku labarin wayar ofishinmu da ta daina ƙara idan an kira daga waje, da yadda aka gano matsalarta, da wata baiwar Allah da ta kusa rasa aikinta a dalilin haka. Mu faɗa tun daga farko, muna cikin waɗanda suka zarge ta.

Mu uku ne a ɗakin kwamfuta na wata ƙaramar madaba'a, aikinmu buga rubutu da tsara shafuka. Gidan bene ne. A ƙasa akwai teburin karɓar baƙi da ɗakin injina, a sama ofishin maigida da ɗakinmu, can bayan gida kuma ɗakin maigadi, jikin rumfar janareto. Lambar waya ɗaya ofishin yake da ita, ita ce a allon ƙofar gida, ita ce a rasit, ita ce a bayan duk littafin da muka buga. Sim ɗin wannan lamba yana cikin wani ɗan akwati mai eriya. Idan kira ya shigo, ɗan akwatin yakan miƙa shi ga babban akwatin rarraba kira, wanda kowa ke ce wa intakom, da ke manne a bango ƙarƙashin matattakala. Daga nan waya ta tafi ɗaki biyar: 101 maigida, 102 teburin baƙi, 103 mu, 104 ɗakin injina, 105 maigadi. Tsarin da aka yi tun kafin mu zo shi ne, duk wanda ya kira daga waje da rana, wayar teburin baƙi ce za ta yi ƙara.

Mai zama a wannan tebur ta girme mu duka, Anti muke ce mata. Ta riga kowa fara aiki a wurin in ban da mai kula da injina, kuma da albashin nan take riƙe da yaranta uku.

Abin ya fara ne da ƙananan koke-koke. Wani ya zo karɓar katin ɗaurin aure ya ce jiya ya kira sau uku ba a ɗauka ba. Wata marubuciya da muke tsara wa littafi ta ce ta gaji da kira, sai da ta hau adaidaita ta zo da kanta. Duk wanda ya yi ƙorafi maganarsa ɗaya ce: wayar tana shiga, tana ta ringin har ta katse. Anti kuma maganarta ɗaya ce: tana zaune, ba abin da ya yi ƙara.

Sai aka zo ƙarshen zangon karatu, lokacin da madaba'a irin tamu take samun babban ciniki. Akwai mai wata makaranta da ya shekara da shekaru yana kawo mana takardun jarrabawa da katin sakamako. Ya kira lambar ofis tun daga hantsi har azahar ba a ɗauka ba, lambar maigida ta hannu kuma ba ta shiga don yana hanya, sai ya kai aikin wani wuri. Washegari ya turo wa maigida hoton fuskar wayarsa, an jera kiran nan reras da lokutansu.

Maigida ya shigo da sassafe, ya tsaya a gaban teburin Anti, ya ciro wayarsa ya kira lambar ofis. Wayar ta ɗauki ƙara har sai da muka ji daga sama. Bai ce komai ba, ya kashe, ya sake kira, ta sake ƙara. A ranar aka ba ta takardar tuhuma, aka yanke mata wani abu daga albashi, aka kuma shaida mata cewa in aka sake samun ƙorafi ko ɗaya, ta nemi wani wuri.

A nan ne namu laifin ya shigo. Biyu daga cikinmu muna rubutun labari, kuma ba mu ɓata lokaci ba muka rubuta na Anti a kawunanmu. Mun tuna tana fita sayen awara da hantsi. Mun tuna mun sha ganinta da abin sauraro a kunne. Mun tuna watanni biyu baya ta nemi ƙarin albashi aka hana ta. Muka haɗa wannan da wancan, labari ya tashi tsaf, ga dalili ga hali ga sakamako. Har ɗayanmu ya ce ai fushi take hucewa a kan kwastomomi. Kowane guntu a cikin labarin gaskiya ne, shi ya sa ba mu ji muna yi mata ƙarya ba.

Kwana biyu bayan takardar, ta hau sama ta same mu. Ta ce, “Ƙannena, ku da kuka yi karatun abin nan, na lura duk ranar da aka ɗauke wuta da safe aka tayar da janareto, wayar nan shiru take yi har yamma.” Ɗayanmu ya yi dariya ya ce, “Haba Anti, me ya haɗa janareto da waya?” Ta tsaya jim, ta ce to shi ke nan, ta sauka.

Abin da ya sa muka motsa ba tausayi ba ne, gara mu faɗi gaskiya. Ranar Alhamis ta wannan makon ɗayanmu ya je sayo takarda, ya manta girman da ake so, katinsa na kira kuma saura kaɗan, sai ya kira lambar ofis don a haɗa shi da ɗakinmu. Ya kira sau huɗu, tana ringin ba a ɗauka. Ya dawo a fusace zai yi wa Anti magana, sai mu biyun da muka rage muka ce masa ai a daidai lokacin muna tsaye a gaban teburinta muna jiran wani kwastoma, kuma wayar ba ta yi ko tari ba. Muka dubi juna. Janareto na ta ruri a baya.

Nan take muka yi gwajin da ya kamata a ce an yi tun makon farko, kuma a lokuta daban-daban na yini. Muka tsaya a gaban wayar muka kira lambar ofis. A kunnenmu tana ringin, a kan tebur shiru.

Ɗan abin da muka koya a kwalejin kimiyya da fasaha shi ne, idan abu ya lalace a fara da mafi sauƙi, a kuma canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Muka fara da maɓallin ƙara da ke gefen kan wayar, mai matsayi uku: kashe, ƙasa-ƙasa, da ƙarfi. Sau da yawa mai shara kan ture shi da tsumma ba da sani ba. Yana kan ƙarfi. Muka duba igiyar da ta shiga bango, muka zare muka mayar, ba tsatsa, ɗan harshen robar da ke riƙe ta bai karye ba. Muka ɗaga kan wayar, ga sautin layi, muka kira waje, ta shiga lafiya.

Sai ɗayanmu ya hau sama ya danna 102 daga ɗakinmu. Wayar Anti ta yi ƙara. Wannan gwaji ɗaya ya wanke abubuwa da yawa lokaci guda: ƙararrawar wayar lafiya, igiyar da ke cikin bango lafiya, kuma babban akwatin yana iya tura ƙara zuwa wannan tebur idan ya ga dama. Ya kuma nuna ba a kunna saitin hana kira ko na tura kira wata lamba a kan 102 ba, domin da an kunna, kiran cikin gida ma da bai same ta haka ba. Duk da haka muka sauko da kan wayarmu muka musanya da nata, muka sake kira daga waje. Shiru dai.

Muka koma ɗaya bakin, inda kira ke shigowa. Muka zare igiyar da ta haɗa ɗan akwatin sim da babban akwati, muka jona kan waya kai tsaye a jikin ɗan akwatin, muka kira. Ta yi ƙara nan take. Ke nan layi lafiya, sim lafiya, ɗan akwatin yana fitar da ƙara. Farko lafiya, ƙarshe lafiya, saura tsakiya. A nan iliminmu ya tsaya, don ba wanda ya taɓa buɗe babban akwatin a cikinmu, littafinsa ma ba a san inda yake ba.

Muka kira maigida muka gaya masa abin da muka gani da idonmu. Da farko ya ce muna kare ta ne. Da muka ce ya kira yanzu, mu kuma za mu kira shi ta bidiyo da wata wayar ya ga teburin, sai ya yi shiru, ya ce a nemo mai gyara.

Wanda aka samo mana wani dattijo ne da ya yi aiki a kamfanin wayar tarho na gwamnati tun kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Ya zo a kan tsohon babur da 'yar jaka. Bai taɓa komai ba sai da ya saurari duk gwajin da muka yi. Sannan ya juya ga Anti ya ce, “'Yata, ke ce kike zaune da ita kullum. Yaushe take yi, yaushe ba ta yi?” Ta maimaita masa maganar janareto, wannan karon murya ƙasa-ƙasa, tana kallonmu. Ya gyaɗa kai ya ce, “Akwai waya mai allo a gidan nan?”

Akwai, guda ɗaya, a kan teburin maigida. Ita ce 101, kuma da ita ake saita akwatin. Aka buɗe ofishin, muka ɗage tarin fayil da ya rufe rabinta. Agogon bango ya nuna sha biyu saura na rana. Allon wayar ya nuna 2:35 na dare.

Baba ya zauna ya yi mana bayani. Ya ce irin waɗannan akwatuna suna da tsarin rana da tsarin dare, kuma a kowane tsari ana zaɓa musu wayar da za ta yi ƙara. Wanda ya kafa namu ya saita shi ya riƙa sauyawa da kansa: daga ƙarfe 8 na safe kira ya tafi 102, daga ƙarfe 6 na yamma ya koma 105, ɗakin maigadi. Akwatin da agogonsa yake aiki, ba ya leƙa taga ya ga rana. A cikinsa akwai ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe agogon idan wuta ta yanke. Namu ya daɗe da mutuwa. Sauran saitin bai goge ba, amma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka sauya zuwa janareto, akwatin yakan mutu ya tashi, agogonsa ya koma sha biyun dare. Daga nan sai ya ƙirga awa takwas cur kafin ya yarda gari ya waye. Ran nan an ɗauke wuta wajen ƙarfe tara, shi ya sa da muka duba yake cewa biyu da rabi ta wuce.

Muka tambaye shi, to ranar da maigida ya gwada ta yi ƙara fa? Ya ce mu tuna. Muka tuna a daren da ya gabaci ranar an kawo wuta bayan isha'i, ta kwana ba a ɗauke ba. Kafin maigida ya iso, agogon akwatin ya riga ya ƙirga awanninsa takwas ya shiga tsarin rana. Gwajin maigida daidai ne, amma a lokacin da matsalar take barci aka yi shi, kuma a kansa aka yanke hukunci.

Baba ya ce ɗayanmu ya je bayan gida ya kara kunne a tagar ɗakin maigadi. Ɗakin a kulle yake da rana, don maigadinmu na dare ne. Aka kira lambar ofis. Ta cikin rurin janareto, can ƙasa-ƙasa, ga wayar nan tana ƙara a kan benci. Duk kiran mai makaranta, duk kiran marubuciyar nan, a nan suka ƙare. Kuma ba a taɓa ji ba, domin abin da ke jawo matsalar shi ne yake rufe ƙararta.

Akwai tambayar da ta fi damunmu, muka yi masa: ta yaya mai kira zai ji ringin alhali wayar da yake nufi ba ta ƙara? Ya ce sautin da mai kira yake ji ba na ƙararrawar wancan ɓangaren ba ne. Kamfanin waya ne yake saka masa shi da zarar na'urar da ke riƙe da lambar ta amsa cewa kira ya iso gare ta. Ƙararrawa kuma wata wuta ce daban take kaɗa ta. Layin tarho idan yana zaune yana ɗauke da wuta ta kusan bolt 48, idan za a yi ƙara sai a turo mai juyawa ta wajen bolt 75 zuwa 90, tana kai da komo sau 20 ko 25 a daƙiƙa. Abu biyu ne, ɗaya zai iya faruwa ba tare da ɗaya ba. Ya ce, “Ba kwa kiran mutum ku ji wa'azi ko kiɗa maimakon ringin? Kuna tsammani daga aljihunsa yake fitowa?” Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don mun gane cewa hoton da mai makaranta ya turo ya tabbatar da ya kira ne kawai. Bai tabbatar da an ji ba.

Tunda ya ga muna rubutawa, ya ƙara mana wasu dalilai da ya sha gani a wasu ofisoshi. Akwai inda ake jona kan waya da yawa a layi ɗaya har wutar ƙarar ta kasa ɗaukarsu, sai su riƙa 'yar ƙara a shaƙe ko su yi shiru gaba ɗaya. Maganinsa a zare duka a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsofaffin wayoyin gwanjo na Ingila da aka ƙera su karɓi ƙara ta waya ta uku daga soket irin na can, in aka jona su a layi mai waya biyu za a yi kira da su lafiya amma ba za su taɓa ƙara ba. Akwai inda wani ya danna lambar tura kira da wasa ya manta. Akwai kuma damina, inda danshi ke shiga mahaɗar wayoyi. Ya ce a duk ciki hanyar ɗaya ce: a gwada daga ciki, a gwada daga waje, a raba layin biyu a ga ɓangaren da ke da lafiya, sannan a tambayi wanda yake zaune kusa da wayar.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Ya canza batir, wanda kuɗinsa bai kai na abincin ranar mutum ɗaya ba. Ya saita agogo. Ya sa ko a tsarin dare wayar teburin baƙi ta riƙa ƙara tare da ta maigadi, don ko agogo ya sake ɓata kada kira ya ɓace. Ya ba da shawarar a saya wa akwatunan biyu ƙaramar na'urar riƙe wuta irin ta kwamfuta, aka saya bayan mako guda. Kafin ya tafi ya sa aka kashe janareto aka sake tayarwa, aka kira, wayar Anti ta yi ƙara.

Maigida ya mayar mata da abin da aka yanke, ya karɓi takardar ya yaga, ya ce a yi haƙuri. Mai makaranta bai dawo ba a wannan zangon, aikinsa ya riga ya tafi. Mu kuma muka sauka mu uku muka tsaya a gaban teburinta kamar 'yan firamare. Wanda ya yi mata dariya shi ya fara magana, ya ce, “Anti, ki yafe mana.” Ta ce ta yafe, ba komai. Sannan ta ce, “Na maigida bai dame ni ba, shi ba ya zama. Ku ne kuke wuce ni sau goma a rana.” Ba mu sami abin cewa ba. Da can tare muke cin abincin rana a bencin ƙofar gida. Ta ɗauki kusan wata guda tana cin nata a teburinta kafin ta dawo.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan labari gare ku, masu koyon rubutu irinmu, shi ne abin da muka gano game da kanmu. Kullum muna koya wa juna yadda za a ba jarumi dalili, yadda za a dasa ƙaramin abu a babi na farko ya yi amfani a babi na goma. Hannunmu ya saba, har ya zama in an ba mu guntaye uku game da mutum, awara da abin kunne da ƙarin albashi, kafin a kifta ido mun ɗinke su. A takarda wannan gwaninta ce. A kan mutum mai rai da yara uku, saura kaɗan ta raba ta da abincinta. Kuma guntun da ya fi kowanne muhimmanci, wanda ita da kanta ta hau bene ta kawo mana, shi muka jefar don bai dace da labarin da muka riga muka tsara ba. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, namu kuwa bai ma zama gaskiyar ba.

Yanzu akwai wata 'yar takarda manne a jikin akwatin ƙarƙashin matattakala, da rubutun hannun Anti. An jera matakan gwajin da lambobi, daga maɓallin ƙara har zuwa duba agogon 101, an kuma rubuta ranar da aka canza batir. Duk Litinin da safe ɗayanmu yakan kira lambar ofis daga bakin titi, sannan a sake kira da rana idan an tayar da janareto. In kuna da irin wannan waya a wurin aikinku kuma ana ƙorafin ba a ɗauka, ku fara da wannan kafin ku ɗora wa kowa laifi. Allah ya sa mu dace, ya kuma yafe mana kurakuranmu.